Fashin Baƙi: Fitilar UV a Gida, Ƙwayoyin Cuta Take Kashewa ko Ido?

Shin da gaske ne fitila mai shuɗin haske za ta iya kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin waya, rimot, mariƙin ƙofa da katakon yanka nama, ba ruwa ba sabulu? Tun lokacin annobar korona a 2020 wannan tambaya take yawo, kuma ta ƙi kwanciya domin tallar ma ba ta tsaya ba. Ana cin karo da ita a Facebook da TikTok, dillalai kuma na ɗora ta a WhatsApp da alkawarin cewa tana kashe kashi 99.9 cikin 100 na ƙwayoyin cuta cikin 'yan daƙiƙoƙi. Akwai ta hannu mai kama da tocila, akwai ta girkewa a tsakar ɗaki, akwai kuma akwatin da ake jefa waya ko makulli a rufe. Wanda bai taɓa ganin ko ɗaya ba, ya tuna da akwatin nan mai shuɗin haske da masu aski ke ajiye kilifa a ciki, daga Samaru har Tudun Wada a Zariya. Duk dangi ɗaya ne.

Hasken dai yana kashe ƙwayoyin cuta, wannan ba ƙarya ba ce. Sai dai sharuɗɗan da yake buƙata kafin ya yi aikin ba kasafai suke cika a gida irin namu ba, kuma duk fitilar da ta isa ta kashe ƙwayar cuta ta isa ta ƙona ido.

Wane irin haske ne UV?

A cikin hasken rana akwai launukan da ido ke gani, waɗanda ke fitowa a bakan gizo, akwai kuma wanda ido ba ya iya gani. UV na cikin na biyun. Wani Bajamushe, Johann Ritter, ya gano shi a 1801. Masana suna bambanta haske da tsawon igiyarsa, suna auna ta da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan ɗaya na mita, kuma da wannan ma'auni suka kasa UV gida uku.

UVA, daga nanomita 315 zuwa 400, shi ne mafi yawan wanda ke iso mu daga rana. Shi ne kuma a cikin fitilar duba jabun kuɗi da fitilar nan mai janyo ƙwari ta babbake su. UVB, daga 280 zuwa 315, shi ke ƙona fata, shi ke wahalar da zabiya, amma kuma shi ke taimaka wa jiki ya samar da bitamin D. Sai UVC, daga 100 zuwa 280. Wannan ba ya isowa ƙasa ko kaɗan, iskar ozon da ke can sararin sama take tare shi. Shi ne makashin ƙwayoyin cuta na ainihi, kuma duk inda aka same shi a doron ƙasa ɗan'adam ne ya haɗa shi: ko ta ƙwan fitila mai tururin zaiba, wanda ke fitar da haske a nanomita 254, ko ta ƙananan ƙwayayen LED na zamani masu fitar da shi tsakanin 260 da 280, ko kuma daga tartsatsin walda.

Ya kamata a riƙe abu ɗaya tun daga nan. Shuɗin hasken da ake gani ba shi ne UVC ba. Rakiya kawai ya yi. Ido ba zai taɓa gaya maka ko fitila tana fitar da UVC ko ba ta fitarwa ba.

Yadda yake kisa kuwa, yana kutsawa ne cikin ƙwayar cuta ya lalata sinadarin gadonta, DNA ko RNA, har ta kasa hayayyafa. Ƙwayar da ba ta hayayyafa ba ta iya kwantar da mutum. Ilimin ba sabo ba ne. A 1877 Arthur Downes da Thomas Blunt a Ingila suka nuna cewa hasken rana na hana bakteriya yaɗuwa. A 1903 Niels Finsen na ƙasar Denmak ya samu kyautar Nobel saboda maganin tibin fata da haske. A 1910 aka gwada tsabtace ruwan sha da UV a birnin Marsey na Faransa, sannan a shekarun 1930 William Wells ya rataya irin waɗannan fitilu a saman azuzuwan makarantu a yankin Filadelfiya ta Amurka don rage yaɗuwar ƙyanda. Abin da yake sabo shi ne a miƙa wa uwargida wannan haske a hannu, ba ma'auni, ba horo, ga yara suna zagaye da ita.

Inuwa da ƙura, nan gizo ke saƙa

Haske a miƙe yake tafiya. Ba ya lanƙwasa, ba ya shiga lungu. Duk inda inuwa ta faɗa, ƙwayar cutar da ke wurin tana nan daram. Mai karatu na iya gwadawa da tocilar wayarsa da daddare. Ka haska tabarmar kaba ta gefe, ka ga yadda kowace saƙa ke jefa 'yar inuwarta a kan ta kusa da ita. Ka leƙa cikin turmi, ka dubi tsagar da taɓarya ta bari shekara da shekaru, inda ɓurɓushin tattasai da daddawa suka maƙale. Ka ɗauko katakon yanka nama ka karkata shi, za ka ga sawun wuƙa birjik, kowanne rami ne mai duhu a ƙasansa, kuma can ne ruwan ɗanyen nama ke sauka ya kwana. To, duk ramin da tocila ba ta leƙa ba, UVC ma ba zai leƙa ba. Haka ƙarƙashin maɓallan rimot, haka bayan mariƙin ƙofa inda yatsu ke kamawa, balle soson wanke-wanke wanda duk cikinsa ramuka ne. Abin takaicin, waɗannan wuraren da hasken ba ya kaiwa su ne ainihin matattarar cutar.

Sai datti. UVC ba shi da ƙarfin ratsa abu. Ɗan maiƙo, busasshiyar majina, ɗigon jini, ragowar miya, kowanne ya isa ya zama rumfa ga ƙwayoyin da ke ƙarƙashinsa. Ko gilashin taga na yau da kullum tare shi yake yi, shi ya sa ake yin ƙwan fitilar da gilashi na musamman. Yanzu a kawo wannan Zariya a cikin hunturu, lokacin da ake goge tebur da safe, kafin azahar yaro ya rubuta sunansa a kai da yatsa. Ƙurar nan kaɗai ta rage wa fitilar ƙarfi. Don haka ƙa'idar amfani da UV a ko'ina ita ce a fara wankewa ko gogewa tukuna. Idan kuwa aka wanke da ruwa da sabulu, mafi yawan ƙwayoyin sun riga sun bi ruwa. Ma'ana, fitilar da aka saya don a huta da wanki ba ta aiki sai an yi wankin.

Akwai kuma tazara da lokaci, waɗanda mai talla ba ya son a tsaya a kansu. Ƙarfin haske na raguwa da sauri idan aka ja baya. Idan aka ninka tazarar sau biyu, ƙarfin ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan aka ninka ta sau huɗu, ya koma kusan ɗaya cikin 16. Fitilar da ke buƙatar daƙiƙa 10 a tazarar santimita 5, idan aka ɗaga ta zuwa santimita 20 za ta buƙaci wajen daƙiƙa 160, kuma wannan a kan ɗan gurbin da take haskawa ne kawai, hannu a tsaye cak. Wa zai tsaya haka a kan kowane taƙi na teburin girki? Abin da ake yi a zahiri shi ne a wulga ta sau biyu kamar yadda aka gani a bidiyo, a ce an gama.

Shi kansa 99.9 ɗin, ko da gaskiya ne, a ɗakin gwaji aka samo shi, a kan faranti mai sulɓi, mai tsabta, a tazarar da aka auna. Kuma a yi lissafi: idan ƙwayoyi miliyan ɗaya ne a wuri aka kashe kashi 99.9, saura dubu ɗaya. Bakteriya irin E. coli, idan ta samu danshi da ɗumi da abinci, tana iya ninkuwa duk bayan minti 20 ko makamancin haka. Ninkuwa sau goma a jere ta mayar da dubun nan miliyan ɗaya, wato cikin ƙasa da awa huɗu. Hasken ba ya barin komai a baya da zai ci gaba da tsaro. Ana kashe shi, hannu na farko da ya taɓa wurin ya dawo da aiki baya.

Ta jabu da ta gaske

Kasuwar waɗannan fitilu cike take da algus. Da yawa daga cikin masu arha ƙwayayen LED ne masu launin shunayya, a nanomita 395 zuwa 405, 'yan uwan fitilar duba kuɗi. Suna sa farar riga ta yi ƙyalli, shi ke nan. Haɗarin irin wannan ba a hasken yake ba, a zuciyar mai ita yake: ta haska bulunbotin jariri, hankalinta ya kwanta, ta fasa tafasa shi.

Ta gaske kuma nata haɗarin daban. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu walda ya san labarin. Da rana ba a jin komai. Sai dare ya yi, bayan awa 6 zuwa 12, mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya kallon ko hasken aci-balbal. Ƙunar fatar saman ido ce, kuma ita ce dai fitilar UVC ke haddasawa, wani lokaci cikin daƙiƙoƙi kaɗan idan tana kusa. Fatar jiki ma tana yin ja ta yi raɗaɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a lokacin korona cewa kada a haska wa hannu ko wani sashe na jiki irin wannan fitila. A 2022 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da sanarwa cewa ta gwada wasu fitilun hannu da ake sayarwa ta tarar suna fitar da hasken da ya wuce kima, har zai iya yi wa fata da ido illa cikin ɗan lokaci, kuma ba su da abin kariya.

Gaba kura, baya sayaki ke nan: ta jabu ba ta kashe komai, ta gaske kuma ba ta bambanta ƙwayar cuta da ƙwayar ido. A gidan da ke da yara biyar ko goma suna shige da fice, abu mai shuɗin haske abin wasa ne, kuma abu na farko da yaro zai yi shi ne ya haska fuskar ƙaninsa.

Wasu ƙwayayen fitilar kuma suna samar da iskar ozon a cikin ɗaki, mai wani kaifin wari, wadda ke tayar wa masu asma ciwo. Yawan haskawa yana sa roba ta yi rawaya ta tsattsage, yana kuma koɗe atamfa da labule.

Akwatin mai aski fa?

Shi ne wanda talaka ya fi haɗuwa da shi, don haka ya cancanci magana. Kilifar da aka cire daga kan wani aka jefa a akwati, tsakanin haƙoranta akwai gashi, maiƙo, wani lokaci har da ɗan jini. Hasken yana sauka a bayanta ne kawai. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, makero kuma ta gashi da ɓawon kai yake bi. Ƙari a kan haka, ƙwan fitilar UV na tsufa: irin mai zaiba akan canza shi bayan aikin awa 9,000 ko kusa da haka, amma shuɗin haskensa na ci gaba da ci ko bayan ƙarfin kisan ya ragu. Akwatin yana da amfani a matsayin ma'ajiyar kayan da aka riga aka goge da buroshi aka wanke da sifirit. Bai isa ya maye gurbin wankin ba. Masu zuwa da kilifarsu daga gida, da masu cewa “Malam, a sako sabuwar reza”, ba tsirfa suke yi ba.

Hujjar masu goyon baya

Su ma suna da abin faɗa, kuma ba duka ne talla ba. UV ba ya jiƙa abu, ba ya barin wari ko sinadari, don haka ya dace da kayan lantarki. Akwatin waya rufaffe, mai bango mai ƙyalli da ke mayar da haske ta kowane gefe, wanda kuma ke mutuwa da kansa da an ɗaga murfi, shi ne mafi hankali a cikin na gida, idan an samu na ƙwarai. Manyan asibitoci a ƙasashe da dama na amfani da na'urorin UVC a ɗakin da aka sallami majiyyaci, amma bayan ma'aikata sun gama wanke shi, kuma ba kowa a ciki. A ƙa'idojinta na 2019 kan daƙile yaɗuwar tarin fuka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar rataya fitilun UV a can saman ɗaki, inda hasken ke bin iskar sama ba tare da ya sauko kan mutane ba. A ganina, idan za a kashe kuɗi a kan UV a Zariya, wurare irin asibitin koyarwa na Shika da cibiyar horo kan tarin fuka da kuturta ta Saye su ne muhallin maganar, inda akwai injiniyan da zai girka, ya auna, ya canza ƙwai a kan lokaci.

A ruwa ma UV gwani ne, domin ruwa garai-garai ba shi da inuwa. Masana'antun ruwan leda da yawa da shi suke aiki, kuma yana maganin wasu ƙwayoyi irin Cryptosporidium da kulorin ke shan wuya a kansu. Amma sai ruwan ya zama tatacce, sai kuma da wuta, abin da ba kullum ake da shi ba. Kuma ruwan da UV ya tsabtace, da an juye shi a randar da kowa ke tsoma moɗa, ya koma gidan jiya.

Akwai wani sabon nau'i a nanomita 222, wanda David Brenner da abokan aikinsa a Jami'ar Kolombiya ta New York suka yi fice wajen bincikensa. Ana ganin ba ya ratsa matacciyar fatar saman jiki, don haka zai yiwu a kunna shi da mutane a ɗaki. Ana kan nazarinsa, yana da tsada, kuma ba shi ne ke yawo a hannun dillalai ba.

Wace cuta ma muke gudu?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata magidanci ya fara yi kafin ya zaro kuɗi. Kwalara, taifot da gudawar yara ta ruwa, abinci da hannu suke shiga, musamman da damina. Ƙyanda, mashaƙo, sanƙarau da tarin fuka ta numfashi suke bi, kuma rigakafi da iska mai ratsa ɗaki ne garkuwarsu. Zazzaɓin Lassa ɓera ke kawo shi. Maleriya kuwa sauro ne. A duk jerin nan da wuya a nuna wadda haska rimot zai tare. Wuraren da suka fi haɗari a gidajenmu su ne buta, moɗa, fon yara, jarkar 'yan garuwa, soso, katakon nama, da wayar da ake shiga banɗaki da ita.

Maganinsu kuwa yana shagon unguwa. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 bayan fitowa daga bayi, bayan yi wa yaro tsarki, da kuma kafin girki da cin abinci. Don goge ƙasa, bayi da mariƙin ƙofa, ruwan bilic irin su Jik da Hypo ya wadatar idan aka sirka shi zuwa kashi 0.1 cikin 100: idan an rubuta 3.5 a jikin kwalbar, murfi ɗaya cikin ruwa murfi 34. Idan 5 ne, ɗaya cikin 49. A bar shi a jiƙe aƙalla minti ɗaya, a haɗa sabo kullum, kuma kada a kuskura a gauraya shi da wani maganin wanke masai, domin yana fitar da iska mai guba. Waya kuma, a ɗan ɗiga sifirit mai ƙarfin kashi 70 a ƙyalle a goge ta, ba a zuba mata kai tsaye ba.

Sannan ga rana, wadda Allah ya hore mana kyauta. Shanya katifa, tabarma, soso da kwanuka da iyayenmu ke yi tana haɗa abubuwa uku: UVA da UVB, zafi, da bushewa, wadda ita ce babbar abokiyar gabar bakteriya. Har ruwan sha ana iya gyarawa da ita idan ba halin tafasawa. A cika gorar roba fara, garai-garai, wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a rana awa 6, ko kwana 2 idan gari da hadari. Idan ruwan gurɓatacce ne sai an fara kwantar da shi da alam an tace. Shanyar abinci ce kawai ke buƙatar lura, domin abin da aka baza a ƙasa ɓera na iya bi ta kansa.

In an riga an saya

A duba jikinta ko kwalinta. Idan an rubuta 254, ko wani adadi tsakanin 260 da 280, to da'awar UVC take yi, sai a ɗauke ta a matsayin abu mai haɗari. Idan 365 ko 395 ne, ko ba a rubuta komai ba, kada a dogara da ita. Ba a kallonta, ba a haska fata, abinci a hannun yaro ko dabba, kuma a kulle ta inda ake kulle magani. Ta tsakar ɗaki ba a kunna ta sai kowa ya fita an rufe ƙofa, bayan an kashe kuma a buɗe tagogi kafin a koma.

Wanda ya ji yashi a ido bayan amfani da ita, ya zauna a wuri mai duhu, ya ɗora ƙyalle mai sanyi, kada ya murza, kuma kada a ɗiga masa nono, ruwan albasa ko maganin ido na kemis da likita bai rubuta ba. Yawanci yana lafawa cikin kwana 1 zuwa 3, amma ya je asibitin ido a duba, musamman idan yaro ne ko gani ya dushe.

Idan ƙwan mai zaiba ya fashe, a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga na aƙalla minti 10. Kada a share da tsintsiya, domin watsa shi take yi. A kwashe gilasan da kwali mai ƙarfi, a bi wurin da salatif da jiƙaƙƙiyar takarda, a zuba duka a kwalba mai murfi, a kai ta inda yara masu tsince-tsince a bola ba za su same ta ba.